Bayan Miƙa Makulli: Wa Zai Biya Gyaran Gidan Haya?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

MAI GABATARWA:  Yau zancen gidan haya za mu taɓa, kuma ta wajen fita za mu ɓullo masa. Mutum ya kwashe kayansa, a-kori-kura ta tafi da katifa da kujeru, ya miƙa makulli, yana jiran a dawo masa da kuɗin ajiyar da ya bayar tun ranar shiga, wanda dillalai ke ce wa kuɗin koshan. Sati ɗaya shiru, sati biyu shiru. Ran nan sai ga takarda an turo masa ta WhatsApp, cike da lissafin gyara. Ku saurari yadda irin wannan waya takan kasance.

(Ƙarar waya)

ƊAN HAYA: Salamu alaikum. Alhaji, barka da yamma, an wuni lafiya? Na ga saƙon da yaronka ya turo.

MAI GIDA: Lafiya lau, Malam. Ai ka gani da idonka. Gidan nan sabo dal na ba ka, yanzu ko akuya ba za ta kwana a ciki ba. Fenti, silin, tayil, ƙofar bayi, sokawe, ga bashin wuta. Dubu 230 ya kama. Dubu 100 ɗinka na wajena, sai ka ciko 130.

ƊAN HAYA: Haba Alhaji! Shekara huɗu fa na yi a gidan nan, ko sau ɗaya ban saɓa biyan haya ba. Silin ɗin nan tun daminar bara nake faɗa maka yana yoyo.

MAI GIDA: Ni ban san wannan ba. In ba ka kawo ba zuwa Juma'a, za ka ji kira daga ofishin 'yan sanda.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: To, masu sauraro, alƙaluman nan misali ne kawai, amma maganar kowa ya san ta, daga Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja. A daidai nan yawancin 'yan haya ɗayan biyu suke yi. Wani ya haƙura, ya ce ya bar wa Allah, dubu ɗarinsa ta tafi. Wani kuma ya hau zage-zage a waya, wanda ba ya dawo da ko sisi. Akwai hanya a tsakani, kuma tana farawa ne da tambaya guda: a cikin lissafin nan, wanne ne ɓarna, wanne ne tsufa?

Gida yana tsufa ko da waliyyi ne a cikinsa. Rana tana cin fenti, ƙurar hunturu tana dusar da shi, zaren kan famfo yana cinyewa, sakata tana saki, ragar taga tana ruɓewa. Kuɗin hayar da kake biya duk shekara, a cikinsa akwai ladan wannan tsufan. Mai gida ya riga ya karɓa, ba zai sake karɓa a ranar fita ba. Ɓarna kuwa ita ce abin da hannunka, ko na iyalinka, ko na baƙonka ya jawo, da gangan ko da sakaci.

Wannan rarrabewa ba sabon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa Muhtasar na Halilu, abin da aka ba mutum haya amana ce a hannunsa, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai idan ya ƙetare iyaka wajen amfani da shi ko ya yi sakaci da shi. Dokar zamani ma nan ta dosa. Dokar haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011 ta wajabta wa ɗan haya ya riƙe gida da kyau, amma ta cire lalacewar da amfani na yau da kullum ke kawowa, ta kuma ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kansu. Na ambaci ta Legas ne saboda ta fito da abin filla-filla. Haya a Najeriya kowace jiha da dokarta, sai dai wannan ƙa'ida ta ɓarna da tsufa za ka same ta a yawancin takardun yarjejeniyar da lauyoyi ke rubutawa a ko'ina cikin ƙasar.

Yanzu mu ɗauko takardar Alhaji, mu bi ta layi-layi.

Fenti. Nan ne rigima ta fi yawa, don shi ne yake da kuɗi, kuma shi ne ido ke fara gani. Bangon da aka yi wa fenti shekara huɗu da suka wuce, ya dushe, wurin da kujera ta jingina ya yi duhu, akwai 'yan ramukan ƙusa inda aka rataye agogo da kalanda da sandar labule, wannan duk tsufa ne. Ko wa ya zauna, haka zai bar shi, kuma mai gida dama sai ya sake fenti kafin ya samu sabon ɗan haya. Amma idan yara sun mayar da bangon falo allo, sun cika shi da zanen biro da gawayi, ko uwargida ta riƙa hura gawayi a cikin kicin har bango da silin suka koma baƙi ƙirin, to wannan ɗakin naka ne, ka biya. Ka lura, na ce wannan ɗakin. Zanen biro a falo ba ya sa ka biya fentin katangar waje. Sai dai fa akwai wani sharaɗi: in takardar da ka sa wa hannu ranar shiga ta ce ɗan haya zai yi fenti idan zai fita, to ka riga ka ɗaure kanka, kuma alƙali takardar zai duba. Mutane da yawa suna sa hannu a kan bonet ɗin motar dillali ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba, saboda ɗokin karɓar makulli.

Silin da ya rufta. Tambayar ita ce, daga ina ruwan ya zo? In kwano ne ya huje, ko iska ta ɗaga shi, ko indararo ya toshe ruwa ya koma ciki, rufin gida na mai gida ne. Amma akwai inda ɗan haya ke faɗawa rami. Ka ga tabon ruwa a silin tun farkon damina, ka sa bokiti ka yi shiru, har katako ya ruɓe, abin da kafinta zai gyara da ƙusa da ɗan kwalta ya zama sai an sauya rabin rufi. Nan mai gida yana da bakin cewa ka yi sakaci. Shi ya sa maganar da Malam ya yi a waya, cewa tun bara yake faɗa, tana da nauyi ƙwarai, in har zai iya nuna ta. Faɗa da baki a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba, Alhaji ya ce "to, to, za a duba", ba ta barin sawu. Saƙon waya mai kwanan wata, da hoton tabon, shi ke tsayawa.

Tayil guda uku da suka fashe a tsakar gida saboda an riƙa daka a kansu: turmi naka ne, biya naka ne, ba sai an ja ba. Abin lura shi ne a biya kuɗin guda uku da ladan mai sawa. In an ce ba a samun irinsa a kasuwa, sai an sauya na tsakar gidan gaba ɗaya, wannan magana ce ta sulhu, a raba nauyi, don tayil ɗin da ya shekara goma ana taka shi ba a kimanta shi da kuɗin sabo.

Wannan ya kawo mu kan ƙofar bayi, kuma ina so a saurara da kyau, don nan ne wasu masu gidaje ke wuce gona da iri. Ƙofar katako ce, ruwa ya ci gindinta, gara ta ƙarasa. Ko da a ce laifin ɗan haya ne, abin da ake biya shi ne asarar da aka yi, wato darajar tsohuwar ƙofa a halin da take. Ba a cire ruɓaɓɓen ƙyaure a kafa ƙofar Turkiyya, sannan a miƙa wa wanda ya tashi rasit. Diyya ana yin ta ne don a mayar da mai abu inda yake, ba don a gyara masa gida da aljihun wani ba. Haka danshin da ke tasowa daga ƙasa, ya kumbura filasta, gishiri ya ci gindin bango: wannan aikin birkilan da ya yi ginin ne, ɗan haya ba shi da hannu a ciki.

Sokawe da ya cika, a duba yarjejeniya. A gidan yawa an saba haɗa kuɗin mota mai kwasa, kowa ya ba da nasa. Ba daidai ba ne a jibga wa wanda ya tashi kuɗin kwashe ramin da ɗaki shida ke amfani da shi.

Bashin wuta kuwa, wanda ya sha shi ke biya. In mita mai kati ce, magana ta ƙare. In takarda KEDCO ko wani kamfanin wuta ke kawowa, to a ɗauko ta watan da ka shiga da ta watan da ka fita. Sau da yawa za a tarar akwai tsohon bashin da ɗan hayan baya ya bari, ana ta jan sa wata bayan wata, yanzu ana so a rataya maka. Abin da ya taru a zamanka shi ne naka.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: Ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna magana ne kan ɗan hayan da ya tashi, mai gida ya biyo shi da lissafin gyara.

To wa ke da nauyin kawo hujja? Wanda ya ce an yi masa ɓarna. A shari'ar Musulunci mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 131, ita ma ta ɗora nauyin tabbatarwa a kan wanda ya yi iƙirari. Kuma kotunanmu sun daɗe a kan cewa wanda ya nemi takamaiman kuɗin asara, sai ya zayyana su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tabbatar da kowanne. Ma'ana, Alhaji ba zai tsaya gaban alƙali ya ce "dubu 230" kawai a ba shi ba. Sai ya nuna yadda gidan yake ranar da ya bayar, ya nuna yadda ya karɓe shi, ya kawo rasit na kayan da ya saya ko kiyasin mai gyara.

Amma kada wannan ya sa ɗan haya ya miƙe ƙafa. Kuɗin suna hannun mai gida, kai ne kake nema a dawo maka da su, saboda haka kai ma sai ka tabbatar ka bayar. Ina rasit? A nan ne ake jin kunya ta yi wa mutane illa. Mutum ya ƙirga dubu ɗari ya miƙa, yana jin nauyin ya ce wa dattijo a rubuta masa, wai kada a ce bai yarda da shi ba. Ni a ganina wannan kunyar ba ta da wurin zama. Addinin da ya yi umarni a rubuta bashi bai ce a ware dattawa ba. Wani lokacin ma kuɗin ba su taɓa isa hannun mai gida ba, dillali ne ya karɓa ya yi hidimarsa da su, ranar fita kuma lambarsa ba ta shiga. Dokar Legas ɗin nan ta ce kuɗin ajiyar gyara a ba su rasit nasu daban da na haya, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce, aƙalla duk wata shida, kan yadda aka taɓa su. Ko jiharku ba ta rubuta haka ba, babu abin da ya hana ka nema. In ta banki ka tura, ka rubuta dalilin turawar, ka adana shaidar.

Wanda bai tashi ba tukuna, ga abin da ya fi komai amfani a duk shirin nan. Kada ka aika yaro da makulli. Kada ka bar shi a wurin mai shagon ƙofar gida. Bayan an kwashe kaya an share gida, ka kira mai gida ko wakilinsa, ka samu mutum biyu masu mutunci, in da hali har da wakilin mai unguwa, ku zaga tare da rana tsaka. A buɗe kowane famfo, a kunna kowane makunni, a ja ruwan masai, a buɗe taga a rufe. Ka ɗauki bidiyo da wayarka tun daga bakin ƙofa ba tare da yankewa ba, ka faɗi ranar da bakinka, ka haska lambar mita. Abin da aka gani ya lalace a rubuta a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, sannan makulli ya sauya hannu. Hoto da bidiyo na waya kotu tana karɓarsu a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida idan an cika sharuɗɗansa, don haka kada ka goge su, kada kuma ka sayar da wayar kafin magana ta mutu. Dalilin wannan zagaye a fili yake. Daga ranar da ka fita, gida yana iya yin wata biyu a rufe, ɓarayin waya su shiga su zare wayarin, masu duba gida su yi ta shige da fice, ruwa ya zubo babu mai sa bokiti. In babu shaidar ranar fita, duk wannan sunanka za a kira.

Ina ƙara jan hankalin mata a nan, musamman wadda mijinta ya rasu ko yake aiki a wani gari, ita aka bari da tashi. Hajiya, kada ki yi zagayen nan ke kaɗai. Ki kira wanki ko ƙaninki ko limamin unguwa ya tsaya miki.

Wanda kuma ya riga ya tashi, babu hoto, babu shaida, ga takarda ta zo, bai makara ba. Ka ba da amsa a rubuce, cikin ladabi, ba zagi ba gori. Misali ka ce: "Alhaji, na ga lissafi. Na yarda da tayil uku da fentin kicin, a cire kuɗinsu. Silin da ƙofar bayi da sokawe ban yarda ba, ga dalilina, ga kuma saƙon da na turo maka a watan Yuli na bara. Ina roƙon a turo mini hotuna da rasit na kowane gyara, a ba ni dama in zo da mai gyarana ya yi nasa kiyasin, sannan a dawo mini da ragowar kuɗina nan da mako biyu." Amsa laifin da yake naka ba rauni ba ne, shi ke sa a saurari sauran maganarka. Alƙali ko mai sulhu da ya ga mutum ya musa har tayil ɗin da kowa ya san turminsa ne ya fasa, zai yi shakkar duk abin da ya faɗa bayan nan. Ka nemi tsoffin hotunan suna ko na biki da aka ɗauka a gidan, sau da yawa bango da silin suna fitowa a bayan mutane. Maƙwabcin da ya taya ka tare ruwa da daddare shi ma shaida ne.

Sai batun barazanar 'yan sanda. Saɓani kan kuɗin gyara magana ce ta yarjejeniya tsakanin mutum biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai ko wani saɓani da ba na aikata laifi ba, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. In an kira ka, ka je da mutuncinka, da takardunka, da wani naka, kada kuma ka sa hannu a kan alkawarin biyan abin da ba ka yarda da shi ba don kawai a sake ka. Haka mai gida ba shi da ikon riƙe firjinka ko keken ɗinkin matarka ya ce sai an biya, wannan ɗaukar doka a hannu ne. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai 'yan hayan da ke fita da haushi, su kwance fanka da ba tasu ba, su ɓalle kan famfo, su zuba siminti a masai. Wannan ya tashi daga saɓani ya koma laifi, kuma mai yin sa kada ya fake da abin da muka faɗa yau. Abin da ka ƙara a gida da kuɗinka, kamar tankin ruwa ko ƙarfen taga, a yi maganarsa tun ranar sawa, a rubuta ko za ka tafi da shi ko za a biya ka. In cirewar za ta bar rami a bango, toshe ramin naka ne.

In takarda ba ta yi aiki ba, a nemi sulhu kafin kotu. Mai unguwa ya san gidan, ya san ku duka biyun, wataƙila ma ya san shekarar da aka yi rufin. A Kano akwai Hukumar Hisbah, akwai kuma zauren sasanci, inda ake zaunar da mutane a daidaita su ba tare da doguwar shari'a ba. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranar biya.

In sulhu ya ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka a ƙarƙashin kotunan majistare. Legas ce ta fara kafa ta a 2018, Kano ta biyo baya, wasu jihohin ma sun bi sahu. An tsara ta ne don mutum ya iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba, a cike fom, a gama magana cikin kimanin kwana 60. Sharaɗinta na farko shi ne ka riga ka aika wa wanda kake ƙara takardar neman haƙƙinka, don haka ka riƙe kwafin wasiƙar nan da muka ambata, magatakardan kotu kuma zai nuna maka fom ɗin da ake cikewa. Ka sani mai gida ma yana da damar ya shigar da nasa lissafin a cikin shari'ar, alƙali ya auna biyun. Saboda haka kafin ka taka matakalar kotu, ka zauna da biro ka cire abin da ka san naka ne, ka ga ko ragowar ta kai kuɗin mota da ranakun aikin da za ka rasa. Wanda ba shi da halin lauya kuma yana son shawara, ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharsa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, masu gidajen haya za mu ba dama, mu ji irin abin da su ma suke tararwa idan sun buɗe ƙofa. 

(Kiɗan rufe shiri)